Fuskarka a Wayar Wani: Wa Ke da Iko da Hoton da Aka Ɗauka a Kasuwa?

Ka tsaya a tashar motar Gwarzo, ko ka ratsa kasuwar Getso ranar da take ci, ka ƙirga wayoyin da ke hannun mutane. Mafi yawansu kyamara ce. Shekaru talatin da suka wuce, in mutum yana son hoto sai ya yi wanka ya sa kayan sallah ya tafi shagon mai hoto, ko a kira mai hoton gida ranar suna. Ya san za a ɗauke shi, shi ya biya, shi kuma ya tafi da katinsa. Yau kuwa ana iya ɗaukar ka kana cinikin tumatir, ko kana gyangyaɗi a benci, ko kana sa-in-sa da ɗan acaɓa, kafin la'asar dubban mutane sun kalle ka a TikTok, kai ba ka ma da labari.

In ka yi magana, amsar da za a ba ka ita ce: "To ai a waje na gan ka, ba gidanka na shiga ba." Wannan amsa tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa take rufe bakin mutane. Bari mu warware ta ɗaya bayan ɗaya, mu ga me kimiyya ta ce, me tarihi ya ce, me kuma dokar Najeriya ta tanada.

Gani daban, hoto daban

Wanda ya gan ka a kasuwa, ganin nan yana da iyaka. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam ba ta adana abu kamar faifai, tana mantuwa, kuma wanda ya gan ka ɗin kai ma ka gan shi. Kun yi kunnen doki. Hoto ya rushe wannan daidaito ta hanya uku: ba ya mantuwa, ana kwafarsa sau dubu ba tare da ya ragu ba, sannan yana zuwa inda kai ba ka je ba.

Wata malamar jami'a a Amurka, Helen Nissenbaum, ta yi bayanin wannan a wata maƙala a 2004, ta faɗaɗa shi a littafi a 2010. Taƙaitaccen ra'ayinta shi ne, kowane bayani yana tafe da ƙa'idar wurin da aka bayar da shi. Abin da ka gaya wa likita ba sirri ba ne tsakaninka da shi, amma in ya isa kunnen mai gidan da kake haya, an ci amanarka, ko da ba a ƙara ko harafi ɗaya ba. Laifin yana cikin ɗauke bayanin daga muhallinsa a kai shi wani.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tunani. Dubi yadda ake gina gida a Kabo ko Garo: ƙofar gida, zaure, shigifa, sannan tsakar gida. Kowane mataki da wanda aka yarda ya kai nan. Baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama, wani gidan ma an rubuta "Ba shiga" ɓaro-ɓaro a bango. Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. To ka ɗauki matar da ta fito unguwa, ko yarinyar da ke tallan awara a bakin titi. Ta yarda mutanen layin su gan ta, don ta san su, sun san iyayenta. Ba ta yarda wani saurayi a Legas ko Jidda ya ajiye fuskarta a wayarsa yana yi mata sharhi ba. Waya ta mayar da titin garinsu zauren duniya baki ɗaya, ba tare da an yi mata sallama ba.

Abin da hoto ke ɗauke da shi wanda ido ba ya gani

Akwai abu biyu da yawancin masu ɗaukar hoto ba su lura da su ba.

Na farko, duk hoton da waya ta ɗauka tana liƙa masa wasu bayanai a ɓoye, ana kiransu EXIF. A ciki akwai ranar da aka ɗauka, da lokaci har zuwa daƙiƙa, da samfurin wayar. In kuma GPS a kunne yake kuma an ba kyamara izinin amfani da shi, har wurin da ka tsaya za ta rubuta, kuskuren bai fi 'yan mitoci ba. Facebook da WhatsApp sukan goge waɗannan bayanai daga kwafin da mutane ke gani in an tura shi a matsayin hoto. Amma in ka tura shi a matsayin fayil, ko ta imel, bayanan suna nan daram. Ko an goge su ma, allon shago, lambar mota, hasumiyar masallaci ko bajen makaranta a rigar yaro sun isa su nuna wa mai nema inda mutum yake kwana.

Na biyu, fuska yanzu ta zama lamba. In ka yi zaɓe a 2023, ka ga yadda na'urar BVAS ke tantance mutum da yatsa ko da fuska. Ga yadda irin wannan fasaha ke aiki: manhaja tana duba hoton fuska ta mayar da shi jerin lambobi, yadda hotuna biyu na mutum ɗaya za su ba da lambobi masu kusanci, na mutane daban kuma su yi nesa da juna. A 2015 masu bincike na Google sun wallafa wata hanya mai suna FaceNet, wadda ke taƙaita kowace fuska a lambobi 128 kacal. A watan Janairun 2020 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa wani kamfani mai suna Clearview AI ya kwashi hotuna sama da biliyan 3 daga intanet, ba da sanin masu su ba, ya haɗa rumbun da za ka sa masa fuska ya nemo maka sauran hotunan mai ita.

Ka ga ke nan maganar "ai ban rubuta sunanta ba" ta fara rasa ƙarfi. Fuskar ita ce sunan. Lambar sirrin banki in ta fita sai ka canza ta. Fuska fa?

Rigimar ta girmi wayar hannu

A 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak, ƙarama, wadda kowa zai iya riƙewa ya ɗauki hoto ba tare da wanda ake ɗauka ya zauna ya shirya ba. Shekara biyu bayan haka, a 1890, wasu lauyoyi biyu, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka rubuta shahararriyar maƙalarsu a kan haƙƙin sirri, kuma hoton bazata na cikin abubuwan da suka tayar musu da hankali.

A jihar Niyok, wata budurwa mai suna Abigail Roberson ta wayi gari ta ga fuskarta a kan takardun tallan garin fulawa kimanin 25,000, ba wanda ya tambaye ta. Ta kai ƙara, a 1902 babbar kotun jihar ta ce babu dokar da ta ba ta wannan haƙƙi. Jama'a suka yi ca, a 1903 majalisar jihar ta yi dokar hana amfani da suna ko hoton mutum a talla sai da izininsa a rubuce.

A Jamus kuma gawa ce ta jawo doka. Da tsohon shugaban gwamnati Otto von Bismarck ya mutu a 1898, wasu masu hoto biyu suka saci jiki suka shiga ɗakin da yake kwance suka ɗauke shi don su sayar. Kotu ta ƙwace hoton. A 1907 aka yi dokar da har yau take aiki: ba a yaɗa hoton mutum sai da yardarsa, ban da wasu keɓantattun wurare kamar fitattun mutane a harkar jama'a, ko taro, ko wanda ya faɗo cikin hoton wani wuri kawai.

Har gobe ƙasashe ba su daidaita ba. A Kanada, a 1998, Kotun Ƙoli ta ba wata yarinya gaskiya a kan wata mujalla da ta buga hotonta tana zaune a matakalar wani gini a Montreal tana da shekara 17, aka biya ta diyyar dala 2,000. A Amurka kuwa, wani dattijo Bayahude mai riƙo da addini, Erno Nussenzweig, ya kai ƙarar mai hoto Philip-Lorca diCorcia a 2005, saboda ya ɗauke shi a titi ya baje kolin hoton yana sayarwa, abin da dattijon ya ce ya saɓa wa addininsa. Kotu ta kori ƙarar a 2006, ta ce aikin fasaha ne kuma 'yancin faɗin albarkacin baki ya kare shi. Aiki iri ɗaya, hukunci biyu. Abin lura shi ne kusan duk waɗannan shari'u ba a kan danna kyamara aka yi su ba, a kan inda aka kai hoton ne.

To mu a Najeriya fa?

Ba mu da wata doka guda ɗaya mai suna dokar haƙƙin fuska. Abin da muke da shi gutsattsari ne daga wurare uku, sai ka haɗa su kafin ka ga hoton gaba ɗaya.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da tabbacin kare sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na waya. Wannan shi ne tushe. Wanda ya ɗaga waya ta kan katanga, ko ya tashi jirgi marar matuƙi a saman tsakar gidan mutane, ya taka wannan sashe kai tsaye.

Sai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Nan ne mutane ke shan mamaki: a idon wannan doka, mai hoton shi ne wanda ya ɗauka, ba wanda ke ciki ba, kuma haƙƙin yana kai wa shekara 50. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan ƙa'ida a shari'ar Banire da kamfanin NTA-Star TV Network, inda wata mata ta yi ƙorafin an sa hotonta a allunan talla. Sai dai sabuwar dokar ta zo da wani tanadi mai amfani ga iyalai: in kai ka ɗauko mai hoto ka biya shi don bikinka ko sunan ɗanka, kana da ikon hana shi wallafawa ko baje hotunan, sai in kun yi wata yarjejeniya daban. Saboda haka mai hoton bikin da ke ɗora hotunan amare a Instagram don jawo kwastoma, ba tare da ya tambaya ba, ya sani ba a kan tudu yake ba.

Na uku ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta kafa hukumar NDPC. Duk bayanin da za a iya gane mutum da shi ya shiga ƙarƙashinta, hoton fuska kuwa yana ciki. Dokar ta ce yarda sai ta zama da son rai, a kan takamaiman abu, bayan an yi wa mutum bayani. Ta ce shiru ba yarda ba ne. Ta ba mutum damar janye yardarsa. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, izinin iyaye ko mai kula da shi ake nema. Dokar ta yi sassauci ga abin da mutum ya ɗauka don amfanin kansa da iyalinsa, da kuma aikin jarida, ilimi da fasaha in akwai maslahar jama'a.

In ka tattara su, ga abin da ya fito: ɗaukar hoto a bainar jama'a shi kaɗai ba laifi ba ne a dokar ƙasa. Amma yin talla da fuskar mutum, ko neman kuɗi da ita, ko liƙa mata labarin ƙarya da zai zubar masa da mutunci, wannan kan iya kai ka gaban alƙali.

Yarda ƙofa uku ce

Yawancin rigingimu suna tasowa ne daga ɗaukar yarda a matsayin abu ɗaya. Alhali uku ce. Akwai yardar a ɗauka. Akwai yardar a nuna, kuma a ina. Akwai yardar a yi amfani da shi, kuma don me. Dattijon da ya gyara hula ya yi maka murmushi a rumfarsa ya buɗe maka ƙofar farko ce kawai. Bai san kana da mabiya dubu hamsin ba, bai kuma san za ka rubuta "talauci a Arewa" a ƙarƙashin hoton ba.

Mutanen Kano sun san ɗacin yardar da ba bayani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kimanin 200 a Kano. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Hoto ba magani ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma ita ce kwamitocin ɗa'ar bincike ke ɗora wa duk mai binciken da zai fita ƙauye da kyamara: ka faɗa wa mutum, da harshen da yake ji, me za ka yi, ina zai je, sannan ka tabbatar ya san yana iya cewa a'a ba abin da zai rasa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuya. Ka duba rabon kayan azumi. Uwar marayu tana tsaye, buhun shinkafa a gabanta, an saita mata waya. Ko an tambaye ta, za ta iya ƙi? Tana tsoron in ta ƙi, buhun ya wuce ta. Ga kuma kunya, wadda ke hana mutum musa wa babba ko baƙo. Yardar da aka samu a wannan hali sunanta kawai yarda. Ƙungiyar da ke son shaidar rabo ga masu ba ta tallafi tana iya ɗaukar kayan, da hannaye, da taron daga baya, ko ta raba kayan tukuna sannan ta tambayi mai so.

Yara kuma sun fi kowa rauni. Almajirai na cikin waɗanda aka fi ɗauka a Arewa, don ba babba a kusa da zai ce "kai, bari." Yaron da aka ɗauka yau da ƙoƙon bara, nan da shekara goma sha biyar zai je neman aure ko aiki, hoton yana nan yana jiran sa. An ga irin haka a duniya. A 1984 Steve McCurry ya ɗauki wata yarinya 'yar Afganistan a sansanin gudun hijira a Pakistan, hoton ya fito a bangon mujallar National Geographic a Yunin 1985, ya zaga duniya. Sai a 2002 aka gano sunanta Sharbat Gula. Shekara 17 duniya na kallon fuskarta, ita ba ta taɓa ganin hoton ba.

Kada a ce a ajiye kyamara

Duk wannan ba ya nufin hoton titi abu ne marar kyau. Tsofaffin hotunan kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata sun adana mana abin da baki ba zai iya bayyanawa ba. Jikokinmu ma suna da haƙƙin ganin yadda Gwarzo da Kabo suke a yau: amalanken shanu, masussuka, hawan sallar hakimi, 'yan kasuwar hatsi da mudunsu.

Akwai kuma inda neman izini zai kashe gaskiya. Jami'in da ke karɓar na goro a shingen hanya, ko ɗan siyasar da ke jawabi a dandali, ko ajin makarantar da rufinsa ya yaye, waɗannan al'amuran jama'a ne. Mai riƙe da amanar jama'a, a lokacin da yake bakin aikinsa, ba zai fake da sirri ba. Ma'aunin shi ne: me jama'a za su ƙaru da shi, kuma wa zai cutu? Fallasa mai iko daban, tozarta marar ƙarfi daban. Bidiyon mai taɓin hankali, ko wanda ya yi haɗari yana kwance cikin jini, ko wanda ake zargi da sata kafin a kai shi kotu, ba ya ƙara wa kowa ilimi. Sau da yawa ma a WhatsApp iyalai ke fara ganin gawar ɗansu kafin a zo a yi musu ta'aziyya.

Tambaya kuma ba ta ɓata hoto. A 2016, a Legas, wata mai tallan burodi, Olajumoke Orisaguna, ta faɗo cikin hoton da TY Bello ke ɗaukar wani mawaƙi. TY Bello ta sa aka nemo ta, aka san sunanta, aka yi aiki da ita ido na ganin ido, ta kuma amfana.

Abin da za ka riƙe

In kai ne mai waya, fara da sallama. "Baba, ina son in ɗauki hotonka da kayan nan, zan sa a Facebook, ka yarda?" bai fi daƙiƙa goma ba. In abin ya zo da gaggawa ka riga ka ɗauka, je ka nuna masa, in ya ce goge, ka goge a gabansa. In mace ce ko yaro, ka ninka taka-tsantsan, ka nemi babban da ke da alhakin yaron. Taron jama'a ka ɗauka daga nesa yadda ba wanda aka ware. In labarin ne mai muhimmanci ba fuskar ba, dusashe fuskar, manhajoji da yawa na yin haka kyauta. Ka kashe GPS na kyamara. Kafin ka tura abin da wani ya ɗauka kuma, ka tuna mai turawa abokin aikin mai ɗauka ne.

In kai aka ɗauka, kana da bakin magana, amma kada ka fizge waya ko ka kai hannu, don sai laifin ya dawo kanka. Ka nemi a goge cikin lalama. In an riga an ɗora, ka adana shaida da adireshin shafin da ranar, ka rubuta wa mai shafin, sannan ka yi amfani da maɓallin kai ƙorafi, domin Facebook, TikTok da YouTube duk suna da hanyar karɓar ƙorafin keta sirri, musamman in ya shafi yaro. A gari irin Gwarzo ko Kabo, inda kowa ya san gidan su kowa, mai unguwa ko dagaci kan kashe irin wannan wuta kafin ta kai ga hukuma. In kamfani ne ko ƙungiya ta yi talla da fuskarka, kana iya kai ƙorafi NDPC ko ka ga lauya.

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Hoto ya fi ta, don magana ana mantawa, ana ma musantawa. Doka za ta ci gaba da bin fasaha a baya tana haki, kamar yadda ta yi tun zamanin Kodak. Kafin ta iso, akwai gwajin da ba ya buƙatar lauya: da mahaifiyarka ce a wannan hali, a wannan wuri, za ka so wani ya ɗauka ya watsa? In ka yi jim kafin ka amsa, to mayar da wayar aljihu, ko ka je ka yi sallama.